Life on Mars: na Koriya wanki ne? Kuma me ya kashe na Amurka?

Wani ɗan uwa ne ya turo wannan tambayar: "Malam na gama kallon wani shiri mai dogon zango na Koriya, Life on Mars, wanda ɗan sanda yayi hatsari a 2018 ya farka ya ganshi a 1988. Ya shiga raina sosai, sai abokina yace ai wanki ne, wai na Turawan Ingila ne asali, har Amurkawa ma sunyi nasu ya lalace. Da gaske ne? Me ya lalata na Amurkan? Kuma anya za a iya yin irinsa a wajenmu?"

Toh ɗan uwa, abokin naka yayi gaskiya rabi. Asalin labarin na Birtaniya ne tabbas, amma kalmar wanki bata dace ba. Wanki ko wankiya a bakin 'yan fim ɗinmu shine ka ɗauko fim ɗin Indiya ka sauya sunaye ka sa wa jarumi babbar riga, mai abin bai sani ba bai ji ba. Su 'yan Koriya sayen izinin labarin sukayi daga BBC da kuɗinsu, da yarjejeniya a rubuce, kamar yadda Amurka da Sifaniya da Rasha da ƙasar Cek sukayi kafin su. Wannan kasuwa ce mai zaman kanta a harkar talabijin, a sayar maka da ƙashin labari kai kuma ka sa masa tsoka irin ta garinku. Kuma tun yanzu ina gaya maka zan fasa ƙwai, zan faɗi ƙarshen kowanne, don ba yadda za ayi in amsa maka me ya kashe na Amurka ban taɓa ƙarshensa ba.

Na asalin tashar BBC One ce ta fara haskawa a Janairun 2006 ta ƙare a Afrilun 2007, zango biyu kacal, kowanne kashi 8, duka 16 kenan. Mutum uku suka ƙirƙiro shi, Matthew Graham da Tony Jordan da Ashley Pharoah, kuma tun 1998 suke yawo da tunanin ana ƙin karɓa, shekara kusan takwas kafin ya ga haske. John Simm shine ya fito a Sam Tyler, babban jami'in bincike a Manchesta a 2006, mota ta kaɗe shi yana cikin neman wani mai kisa da ya sace budurwarsa wadda itama 'yar sanda ce, ya buɗe ido ya ganshi kwance a wani fili da ba a ma gina titin da aka kaɗe shi a kai ba tukunna, sanye da jaket ɗin fata da riga mai faffaɗan kwala, shekarar 1973. Ya lallaɓa ya tafi ofishinsu, ginin yana nan amma ciki hayaƙin sigari ne ya turnuƙe, ba kwamfuta ba wayar hannu, takardu jibge ko'ina, kuma an rage masa muƙami ɗaya, yanzu yana ƙarƙashin wani mutum mai suna Gene Hunt wanda Philip Glenister ya fito a matsayinsa, kuma gaisuwar farko da oga ya masa naushi ne a ciki.

Tambayar da ake maimaitawa a farkon kowane kashi ita ce shin ya haukace ne, ko yana cikin doguwar suma a asibiti, ko kuwa da gaske ya koma baya. Nan ne mutane da yawa suke ɗauka gizo ke saƙa, alhali ba nan bane. Na daɗe ina rubutun labarin fim ina kuma duba na wasu, kuma abinda nake gaya wa duk wanda ya kawo min labari mai komawa baya a zamani shine, komawar ba ita ce labarin ba, ƙofa ce kawai. Abin tambaya shine me ka tarar a ɗakin da ka shiga. Ita 1973 da waɗannan marubutan suka zaɓa, a Ingila zamani ne da aikin ɗan sanda yake da ciwon da har yau ba su manta ba. Shekara ɗaya bayan nan, 1974, akayi harin bama-bamai a Gilfod da Bamingam, aka kama mutane aka matsa musu a ɗakin tambaya har suka amsa laifin da basu yi ba, huɗun Gilfod sai 1989 aka wanke su, shidan Bamingam kuwa sai 1991, mutum ya shafe shekara 16 a gidan yari a banza. Irin waɗannan abubuwa ne suka haifar da dokar 1984 wadda ta tsara yadda ɗan sanda zai kama mutum da yadda zai tsare shi, daga ita ne kuma aka zo ana ɗaukar tambayoyi a kaset. Gwajin ƙwayar halitta na DNA ma a 1984 ɗin Alec Jeffreys ya gano shi a jami'ar Lesta, sai 1986 aka fara amfani da shi wajen binciken kisa. Kaga kenan Sam yaron waɗannan gyare-gyaren ne, an raine shi a cikinsu, sai aka ɗauke shi aka jefa shi shekara goma sha ɗaya kafin a yi su. Baturen da ke kallo a 2006 ya san duk wannan tarihin, wani ma babansa ne ɗan sandan wancan lokacin.

Akwai kashi biyu da nake so ka kalla da idon basira, don su ne zuciyar shirin gaba ɗaya. A kashi na 2 an kama wani ɗan fashi da kowa ya san shine, amma babu hujja, oga Gene yana so a cusa masa kayan sata a ce a wajensa aka samu a wuce wajen, Sam yace sam bazai yiwu ba, ya sake shi bisa doka. Mutumin nan ya fita ya sake yin fashi, harsashi ya samu wata baiwar Allah mai shara a ofishin nasu, June, ta kwanta rai a hannun Allah. Ga jininta a kan titi, ga Sam a tsaye kowa na kallonsa, kuma a ƙa'ida shine mai gaskiya. Wallahi duk sanda na sake kallon wajen nan sai jikina yayi sanyi, saboda marubucin bai tausaya wa jaruminsa ba, ya bar bin doka ya jawo asara ta gaske a kan wadda bata ji ba bata gani ba. Sai kuma a kashi na 7 aka juya wainar. Wani ƙaramin mai laifi, Billy Kemble, ya mutu a sel, kowa a ofis ya haɗe baki, Sam ya dinga tono har ya samo kaset ɗin da ya nuna cewa hodar iblis aka ɗura masa don ya yi magana zuciyarsa ta buga. Ya ɗauki kaset ɗin ya kai wa babban oga na sama yana tsammanin adalci, mutumin ya lalata kaset ɗin a gabansa, iyakar hukuncin shine an rage wa wanda yayi abin muƙami. Kaga an nuna maka farashin hanyar Sam an kuma nuna maka farashin hanyar Gene, ba wanda aka wanke, kuma kai mai kallo an barka gaba kura baya sayaki, kana son Gene saboda yana da kishin garinsa yana kare yaransa yana da ban dariya, kuma kana sane sarai cewa irinsa ne suka tura marasa laifi kurkuku.

Yanzu mu zo Amurka. Tun daga tushe aikin ya fara da tangarɗa. David E. Kelley ne ya fara ɗaukar kashin gwaji a Los Anjeles da Colm Meaney a matsayin Gene, tashar ABC ta kalla bata gamsu ba, aka watsar da shi aka sauya masu shiryawa aka sauya duk 'yan wasa in banda jarumin, Jason O'Mara, aka mayar da labarin birnin Niyok. Aka zuba manyan sunaye, Harvey Keitel a Gene Hunt, Michael Imperioli a Ray, ɗaya daga cikin yaran Gene, Gretchen Mol a Annie, 'yar sandar da Sam ya shaƙu da ita. Ya fara a Oktoban 2008 da masu kallo sama da miliyan 11, aka tafi hutu na kusan wata biyu aka sauya masa rana daga Alhamis zuwa Laraba, mutane suka watse, a Maris 2009 aka sanar an soke shi, ya ƙare ranar 1 ga Afrilu da kashi 17.

Kuma in faɗi gaskiya ba komai nasa ne ya lalace ba, ban yarda da masu cewa shara ne ba. Akwai fitowa ɗaya a kashin farko da ta fi ta Birtaniya ƙarfi nesa ba kusa ba, Sam ya farka bai san inda yake ba yana gardama da ɗan sanda, ya ɗaga kai kawai sai ga tagwayen benayen nan na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a tsaye sabbi fil suna ƙyalli, waɗanda aka rushe ranar 11 ga Satumba 2001. Babu buƙatar kowa yace masa ga shekarar da kake ciki. Wannan shine misalin abinda sabon salo ya kamata yayi, ya samo abinda ke cikin ƙirjin mutanensa ya taɓa. Matsalar ita ce sun taɓa sau ɗaya sun saki. Niyok ta 1973 tana da nata dattin, a ƙarshen 1972 ne aka gama binciken kwamitin Knapp kan cin hanci a rundunar 'yan sandan birnin, wanda ɗan sanda Frank Serpico ya tona har aka harbe shi a fuska a 1971, ga sojoji na dawowa daga Biyetnam, ga rikicin launin fata. Sun ɗan leƙa waɗannan amma yawanci sai ya zama ado, ga gashin baki ga wando mai faɗin ƙafa ga waƙoƙin da, shekarar ma ba zaɓarta sukayi ba, gadonta sukayi daga na Birtaniya.

Sai maganar Gene. Harvey Keitel gwani ne ba mai musu, amma lokacin yana da shekara 69, shi kuwa Glenister yana ɗan 42 sanda ya fara, tazararsa da Simm shekara bakwai ce kawai. Na Birtaniya kamar wa da ƙani ne masu dambe da juna da rana su tafi mashaya tare da dare, kowanne yana ganin ɗayan bai san aiki ba kuma kowanne a ɓoye yana koyo a wajen ɗayan. Na Amurka kuwa ya zama uba da ɗa, dattijo mai faɗa mai nasiha, to ai baka dambe da sa'an babanka, wutar da ke tsakaninsu sai ta mutu. Shi ma Sam ɗin O'Mara ƙato ne kyakkyawa mai fara'a wanda zaka ga ko'ina aka jefa shi zai rayu, alhali Simm ɗan siriri ne mai ɗaurarriyar fuska wanda kana ganinsa kasan a takure yake, kana jin tsoron kar ya zare. Ga kuma lokaci, na BBC awa guda cur ba talla, na ABC minti arba'in da 'yan kai saboda talla, kuma tasha ce ta kowa da kowa da ba a sakin baki, dole aka rage kaushin Gene.

Amma duk wannan da sauƙi, ƙarshen ne ya kashe shi. A na Birtaniya an yi wa Sam tiyata ya farfaɗo a zamaninsa, ya koma aiki, yana zaune a wani taro ana ta surutun ƙa'idoji sai wani ya nuna masa yatsansa na jini, ya yanke bai ma ji ba. Ya tuna maganar mai mashayar can 1973 cewa mai rai shine wanda yake jin abu a jikinsa. Ya hau saman benen ofis ya ruga ya faɗo, ya koma wajen su Annie da Gene ya cece su daga harbin da ya baro su a ciki. Ni a matsayina na Musulmi wannan ƙarshen yana damuna kuma bazan ɓoye ba, mutum ne ya kashe kansa aka sa masa kiɗa mai daɗi, kuma ko a can Ingila an samu masu ƙorafi a kai. In zaka kalla da ƙannenka ka tsaya ka yi musu bayani. Amma ta fuskar rubutu, ƙarshen ya fito ne daga cikin mutumin, tambayar da aka amsa ita ce a ina wannan bawan Allah yake jin yana raye, kuma amsar tana da ɗaci. Daga baya a ci gaban shirin, Ashes to Ashes, wanda akayi daga 2008 zuwa 2010 da Keeley Hawes, aka bayyana cewa duniyar Gene wani zango ne da 'yan sandan da suka mutu ko suke gargara suke tsayawa kafin su wuce, kamar barzahu a irin nasu tunanin.

Na Amurka fa? Mintunan ƙarshe sai ga Sam ya buɗe ido a cikin kumbo, shekarar 2035, ashe ɗan sama jannati ne a hanyar zuwa duniyar Mas, an kwantar dasu barcin tafiya kwamfuta tana saka musu mafarkin da kowa ya zaɓa, shi ya zaɓi ya zama ɗan sanda a 2008 sai na'ura ta samu matsala ta jefa shi 1973. Abokan aikinsa duk 'yan kumbon ne, Keitel kuma babansa ne. Har sunan Gene Hunt aka mayar wasan kalma, wai farautar ƙwayar halitta suka je yi a Mas. Sunan shirin da asali daga waƙar David Bowie aka ɗauko shi, ana nufin mutum ya tsinci kansa a wajen da kamar wata duniya ce, su sai suka ɗauke shi gatsau suka kai mu duniyar Mas ɗin da gaske. Ka duba asarar, ba 1973 kaɗai ta zama ƙarya ba har 2008 ɗin ma ƙarya ce, budurwar da aka sace babu ita, uwar da ya gani tana matashiya yana hawaye babu ita, duk wanda aka daka a sel ba a daki kowa ba. Mai kallo ya baka awa wajen goma sha biyu na rayuwarsa yana damuwa da mutane kace masa ai wasan kwamfuta ne. Masu shirin sun ce tun farko haka suka tsara, kuma da gaske sun dinga ajiye alamu, ana kiransa ɗan sama jannati a ofis, yana ganin wani ɗan ƙaramin mutum-mutumi mai tayoyi. Amma ajiye alama baya mayar da amsa mai kyau, sun ɗauki tambayar a matsayin kacici-kacici da ake cin gari, alhali tambaya ce ta zuciya.

Shi yasa na Koriyan da ka kalla ya shige ka. Tashar OCN ce ta haska shi daga Yuni zuwa Agustan 2018, kashi 16, Jung Kyung-ho a matsayin Han Tae-joo, Park Sung-woong a matsayin oga Kang Dong-chul, Go Ah-sung a matsayin Yoon Na-young. Sun riƙe ƙashin labarin sosai, har ƙarshen saman benen basu sauya ba, amma shekarar tasu ce suka zaɓa da kansu. A Janairun 1987 ɗalibi Park Jong-chul ya mutu a hannun 'yan sanda a Seoul ana dulmiya kansa a ruwa, mutuwarsa na cikin abinda ya tayar da zanga-zangar Yunin 1987 da ta tilasta wa gwamnatin soja yarda da zaɓe kai tsaye. 1988 kuma ita ce shekarar gasar Olamfik a Seoul, ƙasa na ta share fuska don baƙi, ciki kuma ɗabi'ar duka a caji ofis tana nan daram. Saboda haka in Kang Dong-chul ya ɗaga hannu zai mari wanda ake tuhuma, ɗan Koriya ba dariya kaɗai yake ba, akwai abinda yake tunawa. Har garkuwar nan da akayi a shirin an gina ta ne a kan abinda ya faru da gaske a Oktoban 1988, lokacin da wani fursuna Ji Kang-hun ya gudu da abokansa suka tsare wani iyali a gida ana nunawa kai tsaye a talabijin, yana ihun cewa mai kuɗi baya laifi, talaka ne mai laifi, maganar da har yau 'yan Koriya suke maimaitawa.

Ka lura da wani ƙaramin abu kuma. A na Birtaniya wata yarinya ce take fitowa daga talabijin tana yi wa Sam magana cikin dare, yarinyar hoton da BBC ke sakawa in an rufe tasha, duk Baturen da ya tashi a lokacin ya santa. 'Yan Koriya basu kwafo yarinyar ba don ba wanda ya santa a can, sai suka ɗauko Choi Bul-am, dattijon da ya fito a shugaban masu bincike a wani tsohon shirin 'yan sanda da tashar MBC ta haska daga 1971 zuwa 1989, shi yake juyowa daga cikin akwatin yana yi wa Tae-joo magana. Wannan ita ce fassara ta gaskiya, ka tambayi kanka wane aiki abin nan yake yi a zuciyar mai kallon asali sannan ka nemo abinda zai yi wannan aikin a zuciyar naka. Haka ma 'yar sandar, wadda ba a ma kiranta da muƙaminta sai dai Mis Yoon kawo kofi, Mis Yoon wanke kaza, alhali duk ta fisu karantar halin mai laifi. Sun kuma ƙara wa jarumin laifin kansa tun daga farko, shine ya tsaya a kotu yace an gurɓata hujjar DNA aka saki mai kisa, kaga wancan ciwon na kashi na 2 na Birtaniya sun ɗauko shi sun mayar dashi tushen labarin gaba ɗaya.

Sauran ƙasashen ma a kan zaɓen shekara suka tsaya ko suka faɗi. Sifaniya a 2009 sun kai nasu Madrid ta 1977, shekara biyu bayan mutuwar shugabansu Janar Franco, shekarar zaɓen farko bayan kama-karya, zaɓi mai kyau amma kashi 8 kawai yayi. Cek a 2017 suka koma 1982 zamanin kwaminisanci. Na Rasha na 2012 shine ya fi bani sha'awa a tunani, jarumin ya tashi daga Mosko ta 2011 ya farka a 1979 a jikin mahaifinsa, kuma suka kifar da abin, ɗan zamani shine mai kaushi mai karya doka, 'yan sandan Tarayyar Sobiyet ne masu takarda da bin layi. Ko ka yarda da wannan hoton nasu ko baka yarda ba, aƙalla sun kalli ƙasarsu kafin su ɗora alƙalami.

Game da ko za a iya a wajenmu, za a iya mana, kuma ba kuɗi ne babban cikas ba duk da cewa nemo tsofaffin Fijo 504 da ɓoye eriya da fastocin zamani a lokeshan aiki ne ja. Da ni aka ba, 1984 zan kai shi, Kano ko Kaduna, shekarar da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a watan Maris aka canza kuɗi a Afrilu aka rufe iyakoki, ana layi ana tsallen kwaɗo, kuma har yau in ka tara dattawa biyar biyu zasu ce maka lokacin ne ƙasa ta saitu uku suce lokacin ne aka wulaƙanta mutane. Wannan saɓanin shine abincin irin wannan labari. Wanda zai yi wa jarumin magana daga cikin talabijin kuwa ai ba sai an nema ba, Samanja yana nan a zuciyar duk wanda ya tashi a lokacin. Inda wahalar take shine shirin yana buƙatar tazara ta gaske tsakanin da da yanzu. A takarda muna da ita, akwai dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da tayi maganar ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo ko gaban lauyansa, akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Amma in jaruminka ya farka a 1984 ya ga ana dukan mutum a bayan kanta ya zaro ido yana mamaki, mai kallo a Kurna ko Rigasa zai ce malam daga wace ƙasa kazo? Dole marubucin ya fuskanci wannan da gaske, watakila ma ya bi hanyar 'yan Rasha, ko ya sa jarumin ya zama ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suke riƙe da sabuwar doka a zamaninsu ana musu kallon wawaye, ya koma baya ya tarar da inda abin ya samo asali, ya kuma tarar da wani tsohon sufeto da ya san kowane gida a unguwa da sunan kakan kowa, wanda bashi da na'ura ko ɗaya amma mai unguwa ɗaya zai aika wa a kawo masa ɓarawo kafin la'asar. Kuma in za ayi, a nemi izini a biya, ko a ƙirƙiri namu daga tushe, komawa baya a zamani ba mallakin kowa bane amma Sam da Gene suna da masu su.

Tunda ka riga ka ga na Koriya, nemi na Birtaniya yanzu, awa 16 ne kawai, Turancin Manchesta yana da nauyi a kunne don haka ka kunna rubutun ƙasa. Na Amurka kuma ka kalli kashin farko saboda benayen nan, in ya riƙe ka ka cigaba, Imperioli yayi ƙoƙari sosai a ciki, in ka kai kashi na 17 ka ga Sam ya rungumi Gene to ka kashe a nan.